Tsagar Inna da Na Goge

Tun kuna ƙanana kuke tambayata game da hoton da ke bangon falo, me ya sa kakarku take da tsaga a kunci ɗaya, ɗayan kuwa sumul. Amsa uku na ba ku a lokuta daban-daban, kuma duk ukun ƙarya ce. Na ce haka aka yi mata a garinsu. Na ce haske ne ya cinye wancan gefen. Da Zainabu ta girma ta iya kwamfuta, ta ce in ba ta minti biyar ta kwafe gefen hagu ta juya shi ta manna a dama, sai na daka mata tsawar da ta sa ta yi kwana biyu tana gaishe ni daga bakin ƙofa, na ce ba a taɓa hoton mamaci. Yanzu na gaji da riƙon maganar. Idona ya yi rauni, wuyana ya ƙage saboda shekarun da na yi a sunkuye gaban kwamfuta, kuma ba na so ku ji labarin a bakin dangi bayan raina, don kowa sai ya ƙara nasa gishirin. Da gangan nake rubutawa da Hausa. Na san Faransanci ya fi muku sauƙi, amma ku ɗan sha wahala, ba za ta kashe ku ba.

Inna Bagobira ce. Tana da tsagar gidan ubanta a kumatu biyu, layuka sirara da suka taso daga gefen baki suka bazu zuwa kunne, kuma gefen biyu ba daidai suke ba. Mahaifinmu mahauci ne. Ya zo da ita Abidjan tana goye da Yaya Ilu, wanda kuke kira Baba Ilu, suka kama ɗaki a Adjamé. Ni a nan aka haife ni bayan shekara tara. Ranar sunana wanzami ya gama aski, ya ɗauko aska zai yi mini gajeriyar tsagar gidanmu irin ta Yaya, sai Inna ta aiko daga ɗaki ta ce a bar yaron haka, ɗan garin nan ne, kada a rubuta masa baƙunta a fuska. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu. Daga nan ta kafa tukunyar tuwo a bakin babbar tashar Adjamé, tana ciyar da direbobi da 'yan kamasho da fataken shanu masu saukowa daga arewa, kuma da wannan tukunyar ta ci gaba da riƙe ni a makarantar boko.

A makarantar ne na koyi jin kunyarta. Wata rana na manta littafina a gida, ta biyo ni da shi har bakin aji, hannunta da ragowar gari. Da ta tafi, yara suka kewaye ni suna tambaya ko damisa ce ta yakushi uwata. Da na koma gida na ce mata kada ta ƙara zuwa makarantarmu. Ina tsammanin mari, amma ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

"To, Habu," ta ce. "Ba zan ƙara ba."

Ba ta ƙara ba kuwa. Ni kuma tun daga ranar na saba da yi mata magana ina kallon hannunta, ko tukunya, ko ɗankwalinta. Na girma, na yi hankali, na daina jin kunyar, amma sabon bai bar ni ba. Shekara talatin da huɗu muka yi tare a duniya a haka.

Yaya bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi hannu. Shi ke zana zaki da dawisu a jikin manyan motocin tasha, shi ke zana kan bijimi a allunan mahauta, har ana cewa bijimin da Ilu ya zana ya fi wanda ke rataye ƙiba. Ni kuwa kwamfuta na koya. Na fara da gyaran hotunan biki, daga baya na samu aiki a wani ɗan ofishi a Treichville, kusa da tashar Bassam, a saman shagon masu sayar da taya. Mu takwas ne, muna yin fim ɗin zane mai motsi irin na yara. Mai wurin, Misye Konan, wanda muke kira patron, mutumin kirki ne, sai dai kullum a makare yake da aiki, kullum yana tafe yana duba agogo.

Bari in gaya muku aikina, don kun sha gaya wa ƙawayenku cewa babanku mai yin katun ne, ina jinku ina yin shiru. Ban taɓa zana ko kaza ba. Kafin a yi irin wannan fim, mai zane yakan zauna da fensir ya zana labarin duka a takarda, akwati-akwati, kowane akwati da abin da ido zai gani. Ni ake kawo wa takardun. In ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan sikana su shiga kwamfuta, in miƙar da wanda ya karkace, in yanka kowane akwati daban in sa masa lamba. Sai babban aikin, wato wanki. Takardar da aka yi zane a kanta ba ta rasa dauɗa: shatin yatsa, burbushin fensir, tabon shayi, layin da mai zane ya fara ya fasa. Akwai wani ɗan ma'auni da nake ja, fari ya ƙara fari, baƙi ya ƙara baƙi, duk abin da ke tsakiya ya ɓace. Abin da ya yi taurin kai in bi shi da magogin cikin kwamfuta. Sai zanen ya fita tas sannan in miƙa wa masu sa motsi, su kuma abin da na ba su shi suke bi. A taƙaice ni mai shara ne, shara ce kawai da ake yi a zaune.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar Inna. Aka ba mu aikin wani gajeren fim a kan wata saniya da aka taso da ita daga arewa har Abidjan. Masu zanenmu yaran birni ne, saniyarsu da akuya ba ka rarrabewa. Na ce wa Misye Konan ina da wa wanda ya san shanu kamar yunwar cikinsa. Aka kira Yaya, ya zana kan bijimi a bayan ambulan yana tsaye, nan take aka ba shi aikin. Na yi murna ƙwarai. Karo na farko ke nan da ni ne na buɗe masa ƙofa, bayan duk takalman makarantar da ya saya mini.

Wata biyu yana zane a ɗakinsa na unguwar Saint-Michel. Ranar da ya gama ana ruwa, ya zo ofis da takardun a naɗe cikin ledar buhun shinkafa, rigarsa sharkaf. Ya ja ni gefe, ya zaro wasu daga tsakiya. Wurin da makiyayi ya iso tasha ne a gajiye, wata mai tuwo ta miƙa masa ruwa a kwano. Na dubi matar, sai na nemi kujera. Inna ce, da yadda take karkata kai in tana sauraro, da yadda take riƙe muciya. Ba mu da hotonta sai ɗan ƙaramin da ke katin zamanta, wanda ya yi duhu har ba ka gane komai sai ɗankwali.

"Ka gane ta?" ya ce.

"Na gane ta, Yaya."

"Tun da aka rufe ta nake gwadawa, fuskar ta ƙi zuwa. Sai a wannan aikin ta zo da kanta. Akwati arba'in da ɗaya tana ciki." Ya nuna kuncin da farcensa. "Ka ga tsagar, da fensir mai tauri na yi ta, a hankali. Hannuna ya ƙi dannawa a fuskarta. Ka kula da ita a cikin mashin ɗinka."

"Kar ka damu, Yaya. Aikina ne."

Takardun sun haura ɗari biyu, kuma an ba ni mako guda. Kullum in taso daga Adjamé a cikin gbaka, waɗannan ƙananan bas-bas da ake cusa mu kamar kifin gwangwani, in haye gada, in zauna gaban sikana mai tafiyar hawainiya har la'asar sakaliya. Yaya ba ya wasa da fensir, yana zane yana shafawa da gefen hannu, saboda haka takardunsa sun fi na kowa dauɗa. A rana ta huɗu na ga ba zan gama ba in na bi su ɗaya-ɗaya, sai na haɗa su duka na ja ma'aunin nan sau ɗaya. Dauɗa ta tafi. Da na buɗe akwatunan tasha, sai na ga tsagar ma ta bi dauɗar. Rabinta ya ɓace, rabin da ya rage ya kakkarye, ya zama kamar ƙarzunan ƙaya. A wannan lokacin ba a yi asarar komai ba, ina so ku riƙe wannan. Ainihin abin da sikana ta ɗauka yana nan a ajiye, takardun suna kan teburina. Aikin wuni ɗaya ne in ware arba'in da ɗayan nan in wanke su da hannu. Ina zaune ina lissafin wunin a raina, Misye Konan ya tsaya a bayana da kofinsa.

"Mene ne wannan a fuskar matar, Abu?"

"Tsaga ce, patron. Irin ta mutanen arewa."

"Layi nawa? Ka san duk motsin da ta yi sai yarana sun sake zana su ɗaya-ɗaya? Kuma masu fim ɗin za su ce duka aka yi mata. Goge mu gani."

Na goge a akwati ɗaya. Ya sunkuyo ya duba.

"Voilà. C'est propre. Ka ga yanzu ta fito tsaf. Yi wa sauran haka."

Kalma biyu ce kawai ta rage in faɗa, in ce uwata ce. Na san mutumin, da na faɗa da ya dafa kafaɗata ya ce a bar ta, ko da layi uku ne. Ban faɗa ba. Na sha tambayar kaina dalili. Gajiya tana ciki, ba na musu. Amma akwai wani abu kuma. A waɗancan shekarun mai tsaga shi ake fara saukewa daga mota a tambaye shi takardu, ni kuwa da fuskata sumul da Faransancina ba wanda ya taɓa tsayar da ni, kuma a ofis ba wanda ya taɓa tambayata daga ina iyayena suka zo. Na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Yaron nan da aka kewaye a bakin aji ashe yana nan zaune a kujerata, ya yi gemu ne kawai. Na bi akwati arba'in ɗin da suka rage da magogi, layi bayan layi, kuma na yi aikin da kyau, don ni ba na aikin ha'inci.

Sauran ɓarnar al'adar wurin ce ta ƙarasa ta, da taimakona. Kwamfutarmu ba ta da wurin ajiya mai yawa, saboda haka in patron ya amince da wankakken zane, sai a share na asali don a samu wurin aiki na gaba. Na share. Takardu kuma akan ɗaure su a jibge a ɗan ɗakin ajiya. Bayan wata uku danshi ya fara cin na ƙasa, aka ce in rage tarkacen. Ƙunshin Yaya yana sama, lafiyarsa ƙalau, ina iya sa shi a jaka in kai masa a ranar. Amma duk lokacin da na shiga ɗakin sai in ji kamar ƙunshin yana kallona, kuma in na kai masa sai ya tambayi yadda aikin ya fito. Na ce wa tsohon maigadinmu ya kwashe duka. Matarsa tana sayar da soyayyar gyaɗa a tashar Bassam, kullum tana neman takardar ƙunshi.

Da fim ya kammala aka haska mana shi a ofis wata Asabar da hantsi. Yaya ya zo da farar shadda da hular da yake sawa ranar Sallah, ya zauna a gaba. Saniyarsa ta yi kyau, kowa yana tafi. Da aka iso tasha, mai tuwo ta ɗago kai ta miƙa kwano, fuskarta sumul kamar ta 'yar tsana. Ina kallon ƙeyarsa, bai motsa ba har aka gama. Ya gaisa da patron, ya yi godiya, ya sauka. Na bi shi, na same shi a tsaye tsakanin tayoyi.

"Wace ce waccan matar, Habu?"

"Yaya, mashin ne. Layin ya yi siriri da yawa."

"Mashin yana da uwa?"

Na mayar da idona kan tayoyin.

"Ba komai. Ba ni takarduna in tafi."

Na gaya masa inda suke. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya gyara hularsa.

"Waccan ta cikin fim taka ce," ya ce. "Irin wadda kake so tun kana yaro. Ka riƙe ta."

A ranar na zagaye tashar Bassam. Matar maigadi ta ce ai takardun sun ƙare tun tuni, masu kauri ne, ba sa shan mai, ta ji daɗinsu. Ta tambaya ko akwai wasu.

Shekara goma sha ɗaya muka yi ba ma shiga gidan juna. Kun ɗauka rabon gado ne ya raba mu, alhali Inna ba ta bar komai ba sai tukwane. Mukan haɗu a jana'iza da filin idi, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa maƙwabci. Uwarku ta yi ta kai-komo tsakaninmu har ta gaji. Ita ce ta jiyo a wurin matarsa, Mama Rabi, cewa yakan zauna da fensir ya fara fuska ya yaga, ya fara ya yaga. Tsagar tana cikin kansa, amma fuskar da zai ɗora ta a kai ta ƙi dawowa. Ni kuma fuskar tana hannuna, na kwafi akwati ɗaya na ɓoye, amma da na zauna in mayar da tsagar sai na tarar ban san ko layi nawa ba ne, ban san inda suka fara ba, ban san gefen da ya fi yawa ba. Ni da na goge su sau arba'in da ɗaya. Na tambayi tsofaffin Gobirawa a kasuwar shanu, kowa ya kwatanta mini ta gidansu. Wata tsohuwa da ta san Inna ta ce tata ta fita daban, don an ce ta fizge kai a hannun wanzami tana jaririya, wani layin ya kauce. Ta manta ko wanne ne.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, ya ɗauke hannun dama, ya nauyaya masa harshe. Na buga fuskar a babbar takarda, na sayi fensir mai tauri, na tafi Saint-Michel bayan azahar. Yana kwance a tabarma a barandar gidan, ya rame. Na gaishe shi, na ajiye takardar a gabansa, na ce ban zo neman yafiya ba don ban san da bakin da zan nema ba, na zo ne ya nuna mini. Ya kalli zanen. Na sa masa fensir a hannun hagu, ya riƙe, ya kai kan takardar, fensir ya kuɓuce ya faɗi. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya yafito ni.

"Matso."

Na matsa. Ya kama haɓata da ƙyar ya juya fuskata, ya ɗora ɗan yatsansa a gefen bakina na hagu, ya ja shi a hankali zuwa kunne. Ya koma ya ja na biyu. Farcensa yana da kaushi, ina jin kowane layi yana zafi a fatar da Inna ta hana a taɓa. Ina ƙirgawa a zuci. A na biyar ya tsaya a tsakiya, ya ɗan kauce ƙasa, ya ci gaba.

"Nan ta fizge," ya ce.

Ya gama gefen hagu, ya sake maimaitawa don in riƙe. Hawaye yana bin inda yatsan ya bi, bai kula ba. Na juya masa kuncin dama, na jira. Ya mayar da hannunsa kan ƙirji.

"Saura wannan, Yaya."

"Na ba ka rabi."

"Ko gobe in dawo, in ka huta?"

"Ba gajiya ba ce." Ya yi numfashi, ya tattaro kalmomin ɗaya-ɗaya. "Kai ma ɗanta ne. Ka sha nononta kana kallon wannan gefen. Ka tuno."

Na ci gaba da zuwa duk Juma'a har wata bakwai da ya ƙara a duniya. Muka shirya, muka yi hira, har dariya mun yi. Yakan tambaye ni ko na tuno, in ce tukuna, ya ce in ci gaba. Ban sake roƙonsa ba, don na san yana da gaskiya, shi kuma bai sauko ba har aka ɗauke shi.

Gefen hagun da kuke gani ni na zana shi a ranar da na dawo daga Saint-Michel, ina taɓa kuncina ina ja, kuma shi ne kaɗai zanen da na taɓa yi a rayuwata. Na dama kuwa, kujerar da kuke cewa na mallake a falo, wadda ke fuskantar bango, don shi nake zama a kanta. Wani lokaci in na rufe ido sai in ga hannunta, da muciya, da tururin tuwo, da bakin ɗankwali, komai tar. In na ɗaga kai zuwa fuskar sai in tarar ban taɓa kai idona can ba.

Zainabu, ki yafe mini tsawar nan. In na mutu hoton naku ne, ku rataye shi inda kuka ga dama, amma kada kowa ya cike wancan kuncin, ko da mashin ko da hannu. In 'ya'yanku sun tambaya, ku ce kakarku tsagarta cikakkiya ce gefe biyu. Ɗanta ne bai duba ba.